Yaro ɗan wata 22 da satin hutu cike da hidima: ya za a yi?

Tambayar da 'yar'uwa ta turo ita ce, yaronta yana da wata 22, hutu ya gabato, babansa ya samu sati guda daga wurin aiki kuma tun yanzu an cika satin taf: tafiyar awa biyar a mota zuwa gidan kakanninsa, kwana uku a can, zagayen gaishe da dangi, taro ɗaya na dare, sannan su dawo gida su ma su karɓi nasu baƙin. A hutun baya da aka yi haka yaron ya ƙi cin abinci, ya manne mata ko banɗaki ba ta iya shiga, kullum yamma sai kuka da birgima, har aka fara cewa ta sangarta shi. Tana so ta san ya za ta yi wannan karon, ko za ta iya ba shi maganin mura mai sa barci saboda hanya, kuma ko ta yi amfani da hutun ta fara koya masa zama a fo tunda babansa yana gida.

Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Ni aikina jinya ne a ɓangaren yara, kuma bari in fara da maganar da na san ita ta fi ci miki rai: yaronki bai sangarce ba wallahi. Duk abin da kika lissafa ɗin nan shi ne abin da lafiyayyen yaro mai shekarunsa yake yi idan aka canza masa wurin kwana, lokacin barci, fuskokin da yake gani da hayaniyar da yake ji duk a lokaci guda. Ke babba kin san kwana uku ne za a koma gida, shi bai san haka ba, bai ma san me ake nufi da jibi ba, abin da ya sani kawai ɗakinsa ya ɓace kuma mutanen da bai sani ba suna ta miƙo hannu za su ɗauke shi. Toh ba zai yiwu a rushe hutun saboda shi ba, kuma ban ce a rushe ba, zumunci yana da haƙƙinsa. Amma a cikin satin nan akwai abu biyu da nake so ki riƙe da ƙarfi ko me za a ce, barcinsa da kuma sanin waye yake kula da shi a kowane lokaci. Sauran duk za a iya sassautawa.

Barci tukuna, dan shi ne tushen yawancin rigimar. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana. Mai wata 22 galibi ya koma barcin rana sau ɗaya, awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan cin abincin rana, kuma da wuya ya iya wuce awa biyar ko shida ido biyu ba tare da ya fara fita hayyacinsa ba. Yanzu ki lissafa da kanki, an tashe shi da asuba saboda a kama hanya, barcin rana ya zama na minti ashirin a mota, dare kuma ana hira har sha ɗaya, kinga a rana ɗaya ya yi asarar awa uku ko huɗu, gobe a sake, jibi a sake. Bashin nan taruwa yake yi. Akwai wani ɗan gwaji da masu bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka suka wallafa a 2012, yara 'yan wata 30 zuwa 36 aka hana barcin rana sau ɗaya tak, sannan aka ba su wasan haɗa hoto ana ɗaukar bidiyon fuskarsu. Yaran ba su da yawa a gwajin, amma abin da aka gani ya yi daidai da abin da iyaye mata suke gani, murnarsu ta ragu ko da sun haɗa hoton daidai, damuwarsu kuma ta ƙaru idan abin ya ƙi haɗuwa. Barci ɗaya kenan fa, balle a jera kwana biyar.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne yaron da ya gaji sosai ba ya kama da mai jin barci. Da farko zai murza ido, ya ja kunnensa, ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya, wannan shi ne lokacin kwantar da shi kuma ba ya daɗewa. Idan aka wuce nan jiki sai ya saki sinadaran da ke sa mutum ya wartsake, sai ki ga yaro yana zagaye falo da gudu yana ƙyalƙyala dariya, yana tuntuɓe da abin da ba ya tuntuɓe da shi, yana hawa kan kujera yana dirowa, sai gwaggonsa ta ce ai ƙyale shi idonsa biyu wasa yake. Minti talatin bayan nan a karɓe masa cokali ko murfin kwalba sai duniya ta tashi. Idan kin ga wannan gudun da dariyar marar dalili da yamma, ki ɗauke shi a lokacin kar ki jira kukan.

Dan haka shawarata, babbar fita ɗaya a rana, kuma da safe. Daga tashinsa zuwa wajen sha biyu shi ne lokacin da ya fi haƙuri, a nan za a sa gaisuwar da ta zama dole. A dawo ya yi barcinsa, ko idan ba za a dawo ba a nemi ɗaki a gidan da aka je a kwantar da shi, ko ki goya shi, ko a daidaita tafiyar mota da lokacin, duk barci ne kuma ya fi babu. Da yamma a bar shi ya yi wasa a wuri ɗaya, masu son ganinsa su zo su same shi. Ranar da barcin rana ya kuɓuce ki kwantar da shi da dare da wuri, minti talatin zuwa awa ɗaya kafin lokacin da ya saba. Kar ki yi tunanin idan ya kwanta a makare zai makara da safe, yawancinsu lokacin da suka saba suke tashi ko ma kafin nan, a gajiye.

Ki tafi da abin da ya saba kwanciya da shi, zanin ko bargon ko 'yar tsanar, kuma kar ki wanke shi ana gobe tafiya, ƙamshin gidan da ke jiki yana daga cikin amfaninsa. Yadda kike yi a gida kafin barci, wanka ne, shafa mai, canza kaya, waƙa ko addu'a, ki yi shi a jere yadda ya saba ko da a gurguje ne cikin minti goma, dan jerin shi ke gaya masa dare ya yi ko a ina yake. A rage haske, a kashe katun kamar awa ɗaya kafin kwanciya. Maganar waya kuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗan shekara 1 ba a so ya zauna kallon allo, ɗan shekara 2 kar ya wuce awa ɗaya a rana. Gaskiya idan minti ashirin na katun ya cece ku a cikin cunkoson hanya ban ga abin tashin hankali ba, wanda nake hanawa shi ne a miƙa masa waya duk sanda ya buɗe baki zai yi kuka, da kuma na dab da barci.

Taron daren nan, ni da za a bi tawa da ba a je da shi ba. Ƙarar lasifika tana da illa ga kunnen yaro, ga cunkoso, ga shi lokacin barcinsa ne. Ko ɗayanku ya zauna da shi, ko ku je ku yi awa ɗaya ku dawo, ko ki kwantar da shi da kanki ki bar shi da wanda ya riga ya saba da shi a kwanakin. Idan za ki fita yana farke kar ki sulale, na san ana yawan cewa lallaɓa ki fita kar ya gani, amma yaron da uwarsa ta taɓa ɓacewa ba sallama shi ne washegari ba ya sakin gefen zaninta. Ki gaya masa zan fita zan dawo, ki rungume shi, ki tafi ko yana kuka, galibi kukan ba ya jimawa.

Wannan ya kawo mu ga ƙiwa. Tsoron rabuwa da uwa yana yin ƙarfi tsakanin wata 10 zuwa 18 kuma yana iya kaiwa shekara uku yana tasowa duk sanda aka shiga baƙon wuri, alama ce ta ya san nasa. Sannan yara hali daban-daban ake haifarsu da shi. Wasu likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin rayuwar yara a New York tun 1956, suka ga kamar kashi 40 cikin 100 masu sauƙin sabo ne, kashi 15 sai a hankali suke sakin jiki, kashi 10 kuma canji yana yi musu wuya sosai, ragowar suna tsaka-tsaki. Ɗan wance da ake nuna miki yana zuwa wurin kowa halinsa ne haka, ba wata tarbiyya aka fi ki ba. Idan kun isa, kar a karɓe shi a bakin ƙofa. Ki zauna da shi a cinyarki minti goma sha biyar ko ashirin ana gaisawa ana hira ba a kula shi, za ki ga yana leƙen mutane ta ƙarƙashin hannunki, can ya sauka ya tsaya jikin gwiwarki, can ya taka ya je ya dawo. Kakarsa ta zauna ƙasa-ƙasa da wani abin wasa a hannu ta bar shi ya zo da kansa, wallahi ya fi saurin sabawa da ita a haka. Kuma wannan bayanin babansa ne ya kamata ya yi wa danginsa tun kafin ku iso, a waya, cikin ladabi, dan maganar da za a karɓa daga bakinsa da dariya idan daga bakinki ta fito za a iya ɗaukarta da wata fassara. Ki gaya wa maigidan wannan aikinsa ne a tafiyar.

Idan birgimar ta zo duk da haka, kuma za ta zo, ki ɗauke shi ku bar cikin mutane, wani ɗaki ko waje inda ba hayaniya. Kar ki tsaya yi masa dogon bayani, a lokacin ba ya jin komai, ki zauna kusa ki hana shi buga kai, idan ya yarda ki riƙe shi, yawancinta ba ta wuce 'yan mintuna idan ba a ƙara mata wuta ba. Duka da tsawa da mutum biyar suna magana lokaci guda, wannan ya ce a ba shi wancan ya ce a zane shi, su ne suke maida ta ta rabin awa. Abin da kika hana kafin kukan kar ki bayar saboda kukan, amma ki rage yawan abin da kike hanawa a satin, ki bar a'a ɗinki ga abin da zai cutar da shi. Wasu yaran suna shiɗewa idan kuka ya yi tsanani, numfashi ya ɗauke leɓe ya canza kala har su yi laushi, abin tsoro ne a ido amma yawanci bai kai minti ɗaya ba suke dawowa. A kwantar da shi a gefensa, kar a girgiza shi kar a sa masa komai a baki, daga baya a kai shi a duba dan ƙarancin jini yana da alaƙa da shi.

Abinci kuwa kar ki sa shi a ranki sosai. Bayan shekara ɗaya girman yaro yana raguwa, wanda ya ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko yanzu kilo biyu zuwa uku kawai yake ƙarawa a shekara, dole cinsa ya ragu, ga shi shekarun ƙin baƙon abinci ne. Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu kuma ni da shi nake aiki: ke ce mai zaɓar me za a ci, yaushe, a ina, shi kuma shi ne mai zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. Ki riƙe masa abu ɗaya ko biyu da ya saba ci a gida, ki ajiye su kusa da abin da aka dafa a can, duk bayan awa biyu zuwa uku a ba shi wani abu yana zaune. Kar a bi shi da cokali ana zagaye gida, kar a danne shi a yi masa ɗura, ɗura tana iya tura abinci hanyar numfashi. Yaron da ke shan ruwa, yana fitsari, yana wasa, ba abin da cin kaɗan na kwana uku zai yi masa. Abin da ke kashe masa ci a irin wannan satin shi ne kowa ya shigo da biskit da alewa da lemo, cikinsa ɗan ƙarami ya cika kafin a sauke tukunya. Ki karɓa ki yi godiya ki ce za a ba shi bayan ya ci abinci. Lemon kwalba da shayi masu sinadarin caffeine kam a nisanta su da shi, suna hana barci.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, dan a wurin aikinmu mu ba ƙin cin abinci ne yake kawo mana yara a lokacin hutu ba. Gidan da ya cika da manya ya fi hatsari ga yaro ɗan shekara biyu fiye da ranar da kike ke kaɗai da shi, saboda ke kaɗai kin san ke ce, amma a cikin mutum goma sha biyar kowa yana zaton yana wurin wani. Ke kina kicin kin ɗauka yana wurin babansa, babansa yana hira ya ɗauka yana wurin yara, yaran kuma suna kallon waya. Maganin abin a faɗa da baki: wane, ga shi nan a hannunka har in fito, shi kuma ya amsa, idan zai tashi ya miƙa wa wani da baki haka. Kuma mai riƙon ya zama babba, 'yar shekara takwas tana iya wasa da shi amma ba ta iya tsaronsa, ba adalci ba ne ma a ɗora mata.

Da kun sauka, kafin ki buɗe akwati, ki durƙusa a gwiwa ki kalli ɗakin daga tsayinsa. Gidan da ba ƙaramin yaro a ciki ba a shirya shi dan yaro ba. Za ki ga jakar hannun kakarsa a ƙasa jikin kujera, zif a buɗe, a ciki akwai maganin hawan jini da na suga a cikin 'yar leda ko a sache da aka ɓare rabi, masu kala kamar alewa. Wasu magungunan sugan ƙwaya ɗaya tak tana iya sauke sugan yaro har ya suma, maganin ƙarin jini na masu ciki shi ma guba ne gare shi idan ya sha da yawa. Duk jakar baƙo a ɗora ta sama. Ki duba bayan ƙofa da ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko an zuba kananzir ko bilic ko maganin ƙwari a robar ruwa, idan har ya sha irin wannan kar a sa shi amai kar a ɗura masa mai ko madara, a ɗauki robar a tafi asibiti. Sai ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na rimot da makullin mota da agogo da kayan wasa masu waƙa da ake rabawa yara kyauta, idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu kuma yaron zai iya zama kamar ba komai da farko. Ko zargi kike ya haɗiya, asibiti kai tsaye a yi hoto. Tunda ya wuce shekara ɗaya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma a kan hanya idan yana iya haɗiya, amma kar neman zumar ya jinkirta tafiya.

Ruwa shi ne ya fi ba ni tsoro. 'Yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa a duniya, kuma ba sai kogi ko wurin ninƙaya ba, bokiti ko baho da ruwa kaɗan ya isa, kansu ya fi jikinsu nauyi, idan ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa kuma ba ya ihu, shiru abin yake faruwa. A zubar da ruwan wanki da an gama, a rufe duro da rijiya, a ja ƙofar banɗaki. Idan aka neme shi aka rasa, wurin ruwa za a fara dubawa kafin ko'ina.

Ruwan zafi kuma, kofin shayi a bakin tebur, fulas a ƙasa, tukunyar da aka sauke a tsakar gida dan ta huce. Idan ya ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki da ƙwai da kowane irin mai, sannan a rufe da abu mai tsabta a kai shi a gani. Shaƙewa: gyaɗa da danginta ba a ba yaro ƙasa da shekara biyar su a dunƙule, haka alewa mai tauri da cingam, inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu, fasasshen balan-balan a tsince. Idan yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin, idan ba sauti ba numfashi a kifa shi kansa ya yi ƙasa a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, idan bai fito ba a tsaya ta bayansa a danna cikinsa sama da cibiya ciki da sama sau 5, ana maimaitawa wani yana neman taimako, kar a zura yatsa ana lalube. Lokacin sallamar baƙi kuma, duk motar da za ta yi ribas sai an ga yaron a hannun wani tukuna, direba ba ya hango mai tsayinsa ta madubi. Kawunnai masu ɗaga yaro da hannu ɗaya ko lilo da shi ta tsintsiyar hannu a roƙe su su ɗauke shi ta hammata, gwiwar hannun 'yan ƙasa da shekara biyar tana saurin gocewa, sai ki ga ya saki hannun ya ƙi motsa shi.

Maganin mura dan ya yi barci a hanya, a'a, dan Allah kar ki ba shi. Irin su Phenergan an hana ba yaro ƙasa da shekara 2 gaba ɗaya saboda yana iya danne numfashi, sauran masu sa gyangyaɗi irin su Piriton kuma ba dan barci aka yi su ba, wasu yaran ma juyewa suke yi, maimakon barci su hargitse ki kwana a mota da yaron da ya fi na da rigima. Maganin tari da mura na kyamis ma likitocin yara ba sa so a ba 'yan ƙasa da shekara huɗu. Dabarar ita ce ku tashi dab da lokacin barcinsa bayan ya ci ya yi guje-guje, ku tsaya duk bayan awa biyu ya sauka ya taka minti goma sha biyar, ki ɓoye kayan wasa biyu ko uku da ya kwana biyu bai gani ba kina fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a kujerar mota ta yara a baya, an ɗaure shi, mai kallon baya in dai bai wuce nauyin da aka rubuta a jikinta ba. Riƙo a cinya ba ya tsare yaro, idan aka yi karo ko a gudun cikin gari ne ba hannun da zai iya riƙe shi, kuma kar a haɗa ku a bel ɗaya. Kar a bar shi a mota a rufe ko na minti biyar ne ko yana barci, cikin minti 10 zafin ciki yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

A jakarsa ki sa parasitamol na yara da sirinjin awo, abin auna zafin jiki, ORS (haɗin gishiri da sukari na gudawa) da zink, katin rigakafinsa, pampas fiye da lissafinki da kayan canji a inda hannu zai kai ba a but ba. Parasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa shida, kar ya wuce sau huɗu a awa 24, ki karanta jikin kwalbar dan ƙarfinsu ya bambanta, kuma ban da asfirin ga yaro. Zazzaɓi daga digiri 38 yake farawa, idan wurin da kuke akwai maleriya a yi gwaji a ranar kar a yi ta canki-canka. Idan gudawa ce, ORS kamar kwata zuwa rabin babban kofi bayan kowane zawo, zink miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Cuɗanya da mutane da yawa tana kawo mura, wannan ba makawa, wanke hannu da sabulu shi ne abin da za ki iya. Amma idan ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko barcin da ba ya tasuwa, ko numfashi 40 zuwa sama a minti yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya ja numfashi, wannan ba a jira gari ya waye ko a ce bari a gama taro. Ki tambayi inda asibiti mafi kusa yake tun ranar da kuka sauka.

Fo kuma ki bari sai kun dawo komai ya lafa da sati biyu ko uku. Koyon yana son gida ɗaya da natsuwa, a baƙon banɗaki cikin mutane zai iya tsorata ya fara riƙe kashi, gyaran wannan ya fi koyon wuya. Haka yaye ko raba shi da fida ko raba wurin kwana, duk ba na wannan satin ba ne. Idan kika ga ya koma neman nono da dare ko goyo fiye da da, ki ba shi, zai wuce.

Ranar ƙarshe ta hutun ku bar ta fanko, ba baƙo ba fita, a koma lokacin barci da na abinci na gida tun daren da kuka dawo, yawanci cikin kwana uku zuwa sati yake komawa daidai. Baƙin da za ku karɓa a gida ki ba su lokaci, bayan ya tashi barcin rana zuwa kafin wankansa na dare. Kuma ke ma ki samu awa ɗaya a rana da babansa zai fita da shi ki kwanta, dan uwar da ba ta yi barci ba haƙurinta gajere ne kuma yaron yana ji a muryarta. Ku zauna da maigidan tun yau da jerin gidajen da za a je, ku ware na dole, waɗanda zai iya zuwa shi kaɗai ya je, waɗanda za a iya haɗawa a gida ɗaya a haɗa, duk ranar da kuka ga fita biyu ku soke ɗaya. Allah ya kai ku lafiya ya raya shi.